Ƙofar da Kawu Ya Ce a Toshe

Kawun Magini ne ya samu kwangilar mayar da tsohon bankin gidan tarihi. Shi ya riƙe Magini tun da mahaifinsa, maigadin bankin, ya ɓace shekara talatin da suka wuce, aka ce sata ya yi ya gudu.

"Ƙofar ƙarfen nan ta ɗakin ƙasa, toshe ta yau," in ji Kawu. "Kai kaɗai, bayan kowa ya tashi."

Magini na cikin jera bulo da dare, sai ya ji ƙarar mukullai. Wani dattijo cikin kakin gadi ya tako ta kan ɗanyen simintin da ya shafe ɗazu.

"Haba Malam, ka ɓata min aiki!"

Ya haska ƙasa. Sumul, ko sawu ɗaya babu.

Dattijon ya dubi ƙofar, ya dubi bulon da ke hannunsa.

"Wancan karon da kansa ya kulle ni," ya ce a hankali. "Yanzu kai ya aiko, Babana?"

Rabon da a kira shi da sunan nan, shekara talatin.