Bututu na Goma Sha Uku

Sa hannunta kaɗai ake jira a buɗe shagunan da aka gina a kan tsohon juji. Shi ya sa mai awon iskar ta dawo da yamma lis, ba tare da ta gaya wa ɗan kwangila ba. Mutumin ya cika murmushi, ita kuwa murmushin nan bai kwanta mata ba. Ga shi ƙanwarta ta kama shago a layin ƙarshe, can za ta riƙa yini da ɗan goyonta.

Shara ko an binne ta ba ta yin shiru. Ruɓewa take, tana fitar da iska mai kashewa. Don haka aka kafa bututu goma sha biyu su riƙa fitar da ita sama. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da na'urarta. Warin ruɓaɓɓen ƙwai, ɗumi a fuska. Komai daidai.

Bayan layin ƙarshe sai ga na sha uku. Babu shi a zanen aikin.

Lallai ɗan kwangila ya ɓoye wata ɓarna. Ta ƙwala wa tsohon da ke gadin wurin kira.

"Baba, wa ya kafa wannan?"

"'Yata, sau biyu ana cire shi, da safe mu tarar da shi." Ya yi ƙasa da murya. "Ki je gida."

Wato shi ma an toshe masa baki ke nan.

Ta durƙusa. Da tsofaffin gwangwanaye aka harhaɗa shi, duk tsatsa. Na'urar ba ta nuna komai ba. Sai gefen mayafinta ya shige bakin bututun. Ya fito. Ya sake shigewa.

Don ta tabbatar, ta kifa tafin hannunta a kai.

Ƙasa ta kumbura a ƙarƙashin gwiwoyinta. Sauran bututun suka ɗauki fito lokaci guda.

Hannun ya ƙi ɗaguwa.

"Kun rufe mana sama," in ji wata murya daga ciki, a shaƙe. "Nan ma?"

Numfashinta ya tsaya. Ta buɗe baki, babu iska.

Tsohon ne ya fizge ta, suka zube tare. Ba ta ko waiwayi na'urar ba.

Washegari ta ƙi sa hannu. Aka sauya mata wurin aiki, wani ya sa hannun. Ta roƙi ƙanwarta ta bar shagon, har da kuka, ƙanwar ta yi dariya. "Kai, Yaya! Ke da tsoronki."

Bayan wata ɗaya ƙanwar ta kira ta, murya cike da fara'a.

"Yaya, albishirinki! Jiya aka cire mummunan bututun nan, aka zuba siminti. Kin ga yaronki ma, tun safe na shimfiɗe shi a ƙasa cikin shago yake ta barci, ko motsi bai yi ba."