Kafaɗar Hamma Bappayo

A bakin kogin Jimeta Bakari ya fara ganin Sakinatu, cikin damina, shekara biyu bayan an gama yaƙin basasa. Ya dawo hutu daga jami'a a Zariya, ya gangara neman yayansa Bappayo, wanda yake kira Hamma, mai dakon buhunan gyaɗa zuwa cikin jiragen ruwa. Ita kuwa ta kawo abinci ne wa mahaifinta, Malam Zarami, mutumin Barno mai sayar da busasshen kifi. Ta ga takalminsa mai sheƙi ya nutse cikin laka, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ɗan Zariya, ba a zuwa nan da takalmin ofis," ta ce.

Sunan ya bi shi. Kafin mako ya zagayo ya san hanyar gidansu a unguwar Rumde, suna zama a zaure bayan la'asar. Yana ba ta labarin ɗakin karatu mai hawa biyu, tana tambayarsa ko littattafan ba sa ƙarewa. Yana kiranta Sakina, wani lokaci ya ce mata Hasken Rumde, ta harare shi tana murmushi.

Abu ɗaya ne bai iya ba ta labarinsa ba. Shekarar da mahaifinsu ya rasu, shi da Bappayo duk suna sakandare, kuma Bappayo ya fi shi kai, malamai ma sun sani. Gwamnati na ɗaukar nauyin ɗalibi, amma ba ta ciyar da uwarsa da ƙannensa. Bappayo ya tattara littattafansa ya miƙa wa ƙanen, ya nufi bakin kogi. Yanzu kafaɗarsa ta dama ta karkace, in zai kwanta sai Dada, mahaifiyarsu, ta gasa masa baya da ruwan zafi.

Malam Zarami bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce ya ga 'yan boko da yawa, suna gamawa a tura su Maiduguri ko Ikko, su dawo suna jin kunyar surukai masu warin kifi. In dai daga gidan nan ne, shi babban yake so, wanda ya ga guminsa da idonsa.

Gogo Hansai, ƙanwar mahaifin su Bakari, ita ta ƙarasa wa Bakari sauran. Ta ce ya duba ɗakin girki, kifin da ke rataye ya ishi gida uku. Shekara guda ke nan Bappayo yana sayen kifin da ba a buƙata, don kawai ya tsaya a rumfar Malam Zarami lokacin da Sakinatu ke kawo abinci.

Bakari ya kasa cin tuwo a ranar. Ya rubuta 'yar takarda ya ba Gogo ta kai.

"Sakina, ki yafe mini. Na karɓi abu da yawa daga hannun Hamma, ba zan ƙara da ke ba. Zariya ma ba zan koma ba."

Washegari ya cire rigar makaranta ya shiga layin 'yan dako. Buhu na uku yana kansa sai ya ga Sakinatu tsaye a gabansa, idanunta sun yi ja. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta san Bappayo mutumin kirki ne, tana ganin girmansa kamar yayanta, kuma ta faɗa masa haka tun kafin Bakari ya dawo hutu.

"Ni ba ladan dako ba ce, Ɗan Zariya. Ba da ni za ka biya shi ba."

Bappayo ya iso ya sauke buhun daga kan ƙanensa, ya ja shi gindin wata bishiya suka zauna. Bakari ya tambaye shi abin da ya daɗe yana cin sa: shin takardar da zai samo a Zariya ta kai wannan kafaɗa?

Bappayo ya kalli ruwa. Ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi masa ƙarya ba. Ya so karatu, har yanzu in ya wuce ta makarantarsu yakan sauya hanya. Ya so yarinyar kuma.

"Amma in ka zauna nan, kafaɗata ba za ta miƙe ba. Sai dai mu zama biyu. Ka koma ka gama, in ga abin da na ɗauka ya isa wani wuri."

Da kansa ya je wurin Malam Zarami. Dattijon ya ƙi sau biyu. A na uku Bappayo ya ce masa in har gumin nasa ne yake girmamawa, to ga inda gumin ya tafi, kada ya wulaƙanta shi. Sai Malam Zarami ya kafa sharaɗi: sai yaron ya gama, kuma a Yola zai yi aiki.

Bakari ya gama, ya ƙi aikin sakatariya a Maiduguri, ya karɓi koyarwa a gida. Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Zarami, Bappayo ne ya karɓa masa. Da aka shafa fatiha Bakari ya riƙe hannun yayansa zai yi godiya.

"Kada ka gode mini yau," in ji Bappayo a hankali. "Ban gama jin zafi ba, amma zan gama. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Da yamma Gogo Hansai ta kawo amarya, Dada ta dafa kawunansu ta sa albarka. Bayan mata sun watse, Sakinatu ta ɗaga mayafi ta ga ango yana share ido. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta ce gobe da safe, kafin su gaida kowa, ɗakin Hamma za su fara zuwa.