Idon Inji

'Yata Adawiyya ba ta taɓa kwana da bashin kowa ba, sai guda. A atiliyensu na Zango, shagon da suke aikin katako, duk wanda ya yanka katako da injin laza mai yanka da haske, sai ya goge gilashin idon injin da auduga kafin ya bar wa na gaba. Ranar tana sauri, ba ta goge ba. Ta hau ɗan babur ɗinta mobilet, mota ta kwashe ta.

Daren sadakar bakwai na je kwaso kayanta. Ƙaurin katako ya tare ni, alhali inji a kashe yake. Ga wata mata a sunkuye tana goge idon injin, a ƙurar ƙasa kuwa babu sawu ko ɗaya.

Na ce, "Baiwar Allah, wa ya buɗe miki?"

Ba ta juyo ba.

"Inna, haska min. Saura kaɗan."

Na haska mata.