Yaren Kaka a Bakin Dodanni

Keke Napep ɗin da ya ɗauko su daga Sabon Tasha ne ya faɗa rami, kan Damaris ya bugu da ƙarfe, sai wata kalma ta kuɓuce mata. Ba Hausa ba ce, ba Turanci ba. Saurayin da ke gefenta ya juyo da sauri.

"Don Allah 'yar'uwa, sake faɗa."

"In sake buga kaina, ko in sake zagi?"

"Zagin. Ban taɓa jin mai daɗinsa ba."

Ta harare shi, amma dariya ta ci ƙarfinta. Sunansa Clinton, ɗan Filato, mai zana katin biki da kwamfuta a wani shago a Barnawa. Ita kuma malamar firamare ce a Unguwar Sanusi. Kafin su sauka ya karɓi lambarta.

Kalmar nan daga yaren ƙauyen babanta take, can cikin duwatsun kudancin Kaduna, yaren da masu jinsa ba su da yawa. Baba Istifanus bai taɓa yin sa a gida ba, Hausa da Turanci kawai 'ya'yansa suka tashi da su. Ɗan abin da Damaris ta sani, kalmomi kamar arba'in, a bakin kakarta ta tsinta kafin tsohuwar ta rasu. Ba ta da wani gado da ya fi su, kuma su ta riƙa ba Clinton ɗaya bayan ɗaya da soyayya ta yi nisa.

"Damy tawa, yau ba a ba ni kalmata ba. Tun safe nake duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa."

"Makwaɗaici. Ta yau sunan da Kaka take kirana ne, ma'anarsa ruwan farko na damina. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ka riƙe shi da kyau."

"Har abada, Ruwan Farkona."

Clinton yana da wani wasa da yake yi da abokansa kowace Asabar da yamma a barandar gidansu a Nasarawa. Suna kewaye tebur, shi yana ba da labarin wata duniya da ya ƙirƙira, kowannensu ya zama jarumi a ciki, a jefa dayis irin na ludo a ga wa ya yi nasara. Abokan gaba a labarin wasu dodanni ne da ake kira hobgoblin, jajaye, masu fiƙa, masu ƙona ƙauyuka. Damaris ba ta taɓa zuwa ba. Ludon manya take ce masa, ta yi gaba abinta.

Akwai wanda yake zuwa kuwa. Joshua, mai kaɗa fiyano a cocinsu, wanda ya shekara biyu yana bin Damaris tana ce masa a'a. Saura mako guda iyayen Clinton su zo gaisuwa, Joshua ya ɗauki bidiyon wasan. Bai tura mata ba, don ya san inda zai fi ciwo. Baba Istifanus ya tura wa.

Ran Lahadi bayan sujada Baba ya kira ta falo, ya miƙa mata waya.

Ga Clinton ya ranƙwafa, ya murguɗe baki, yana gurnani da muryar dodo. Kalmomin Kaka ne ke fita daga bakinsa: gaisuwar safe, sunan hatsi, kiran awaki. Abokan suna ta ƙyaƙyata dariya suna ihu, "Kashe shi! Sare shi!" Can aka fito da sarauniyar dodannin, Clinton ya faɗi sunanta. Sunan da Kaka take kiran Damaris ne.

"Wa ya ba shi?" in ji Baba.

"Ni ce, Baba."

"To ki gaya masa kada ubansa ya ɓata man mota. Ba ni da 'yar da zan ba shi."

Washegari ko makaranta ba ta je ba. Shagon ta nufa, ta same shi yana aiki, ta kife masa wayar a kan tebur a gaban mutane.

"Damy, tsaya ki ji. Yaren ne ya burge ni, yana da ƙarfi, sai na ga ya dace..."

"Ya dace da wa?"

Ta matso kusa da shi.

"Ƙarasa mana! Ya dace da dodanni? A duniyarka akwai sarakuna, akwai jarumai, duk Turanci suke yi. Da ka zo kan masu fiƙa sai ka tuna da kakata!"

"Sarauniyar ai don ke na sa mata sunan. Ita ce ta fi kowa ƙarfi."

"Kuma ita ake sarewa a yi tafi. Ce maka na yi ka riƙe shi, Clinton, ban ce ka kai shi baranda ba."

Ta fita ta bar shi tsaye. Gaskiya kuwa, ko sau ɗaya bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa kunnensa ya kai yaren can ba.

Kwana uku yana turo saƙo ba ta buɗewa. Na huɗun ne ta karanta.

"Ba zan ce ban sani ba. Na ji yaren baƙo a kunnena, sai na ba wa baƙin halitta. Raini ne, ko da ban kira shi haka ba. Na daina wasan. Ki yafe mini, Ruwan Farkona."

"Kada ka sake kirana da wannan sunan."

Joshua kuwa har da zuwa da lemo, wai ya zo jaje. A bakin ƙofa ta tare shi.

"Watanni kana zaune a teburin nan kana dariya tare da su. Ba kakata ta dame ka ba, Joshua. Abeg, ɗauki lemonka."

Ran Asabar, lokacin da aka saba wasan, Clinton ya yi sallama a gidan. Ya durƙusa a tsakar gida gaban Baba Istifanus, ya ajiye littafin wasan mai kauri, aikin shekara uku.

"Baba, duk kalmomin suna ciki. Ku ƙona shi ko ku yaga, duk abin da kuka ga dama. Na yi laifi."

Baba ko kallon littafin bai yi ba.

"Ka san ni? Shekara ashirin da biyu na yi a masaƙa a Kakuri. Ranar da na fara aiki na gamu da ɗan ƙauyenmu, na gaishe shi da yarenmu don murna. Duk ɗakin aka fashe da dariya, wani ya ce aljanu sun shigo. Sunan ya bi ni har aka rufe masaƙar. Aljani! Da furfurata ana kirana Aljani! Yau kuma yaro ya zo neman 'yata, ashe ya mai da uwata dodo. Tashi ka ba ni wuri!"

Clinton ya miƙe zai tafi. Damaris, da ke bayan labule tun farko, ta fito idonta jawur.

"Baba, ya yi laifi, ni ma ban yafe masa ba. Amma ku fa?"

"Ni?"

"Sau nawa na roƙe ku ku koya mini? Ku ce in je in yi karatu. Kaka tana kwance tana yi mini magana ranar da za ta rasu, ban gane ko rabi ba. Kuna zaune a wurin, ba ku fassara mini ba! Clinton ya sa yaren a bakin dodanni. Ku kuma kun cire shi daga bakin 'ya'yanku. Wanne zan fi jin haushi?"

Mama ta fito daga kicin tana tafa hannu, tana cewa Damaris ta rufe baki. Baba ya jawo littafin ya buɗe. Kowace kalma an rubuta ta a tsanake, da ma'anarta, da ranar da Damaris ta turo ta. Ya kai shafin ƙarshe, ya sake komawa farko.

"Arba'in da ɗaya," ya ce a hankali. "Iyakar abin da ya rage a gidana ke nan."

Ya ɗago ya dubi Clinton, fuskar nan a murtuke.

"Ban ce na ba ka ba. Wanda zai auri 'yata, da yarenmu zai roƙe ni, da bakin mutum, ba na dodo ba. Kowace Asabar ƙarfe huɗu ka zo nan. Ke ma ki ɗauko kujera."

Wata tara aka yi ana wannan makaranta, kuma Baba ba malami ne mai haƙuri ba. Yakan yi tsawa, yakan buga ƙafa, wani lokacin ya tashi ya shige ɗaki idan wata kalma ta tuno masa da uwarsa. Damaris ta yi wata biyu ba ta yi wa Clinton magana sai a cikin darasi. Abin da ya ƙara mata haushi, ya fi ta saurin ɗauka. Wata Asabar bayan an tashi saƙonta ya shigo wayarsa.

"Har yanzu ina fushi. Amma za ka iya kirana da sunan."

Abokan wasan sun dawo daga baya, dodanninsu kuma suka koma gurnani kawai, babu yaren kowa a bakinsu.

Ranar bikin coci ya cika, matan zumunta suna kaɗa tulu suna rausaya. Da Fasto ya miƙa wa Baba Istifanus makirfo ya sa albarka, kowa ya zaci Hausa zai yi. Ga tsofaffin abokan aikinsa na masaƙa a layin gaba. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora hannu a kan ango da amarya, ya buɗe baki da yaren uwarsa, da ƙarfi. Babu wanda ya yi dariya.

Damaris tana bin addu'ar tana hawaye, har ya zo wani wuri da ya fi ƙarfinta. Ta taɓa Clinton da gwiwar hannu.

"Me ya ce?"

Clinton ya sunkuyo.

"Ya ce Ubangiji ya ba mu 'ya'ya, su yi zagi da yaren nan idan keke ya faɗa rami. Kuma ya ce ki yafe masa, Ruwan Farkona."

Da yaren Kaka ta amsa amin.