Faranti Mai Kallon Kango

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da mai haɗa intanet ya jingina tsaninsa a bangon gidan wata tsohuwa. Tun safe yake hawa da sauka a rufin mutane, har gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama. Da son ransa ne, gida zai wuce. Amma oga ya gama magana: ko ya kammala aikin nan yau, ko ya ajiye tsanin kamfani. Mai iyali kuwa ba shi da ta cewa.

Aikin na mutum biyu ne: ɗaya a sama yana yawo da farantin kama intanet har ya fuskanci ƙarfen sabis, ɗaya a ɗaki yana duba fitilar akwatin intanet ɗin. Shi kaɗai aka turo, sai ya roƙi tsohuwar.

"Mama, fitilar nan ja ce. In ta koma kore, ki ɗaga murya."

"To, ɗana. Ni dai in ga fuskar jikata a waya."

Ya hau. Simintin rufin na fitar da zafin yini. Ya rungumi farantin yana takawa, wayar da ke haɗe da farantin na jan ƙasa a bayansa.

Can muryar Mama ta taso, ƙasa-ƙasa. "Ɗan ja baya."

Ya ja. Gajiya ta hana shi tambayar kansa yadda wadda ke cikin ɗaki ta san inda yake tsaye.

"Ƙara."

Tsuntsayen da ke ta hayaniya suka yi tsit. Warin tsohuwar rijiya ya daki hancinsa.

"Ƙara, ɗana."

Ƙofar gidan ta yi ƙara. Ya leƙa. Ga Mama tana shigowa daga titi, riƙe da ledar burodi.

Ta ɗaga kai, ledar ta faɗi. "Innalillahi! Kada ka motsa!"

Diddigensa ɗaya ya wuce bakin rufin, a iska yake.

Wani numfashi mai sanyi ya taɓa kunnensa.

"Saura kaɗan."

Ya yi a'uziyya, ya faɗa gaba da ƙirji. Yadda ya sauko tsanin, bai sani ba. Ya bar farantin yashe. Farantin ya ba ƙarfen sabis baya, yana kallon wani kango da ke bayan gidan.

A ɗaki, fitila ta koma kore.

Washegari da hannunsa ya ajiye tsanin a gaban oga. Oga ya rantse har yanzu gidan bai hau layinsu ba, amma Mama na ganin jikarta tar, ba ko yankewa.

Yanzu gyaran fanka yake yi, a zaune. Ko matarsa ce ta ce masa "ɗan matsa" daga bayansa, ba ya motsi sai ya waiwaya ya ga fuskarta.