Kalmar da Ta Ƙara a Shafinsa

Ciniki ne ya haɗa su. Ita tana da ɗan shagon buga takardu, kuma da ta kunna injin fotokwafi tare da fanka sai wuta ta ɗauke. Shi mai wayarin ne, wato haɗa wayoyin lantarki, ɗan kwangila, wata uku a wannan gini, wata biyu a zaune. Suka shirya: zai sake mata wayarin ɗin shagon, ita kuma ta buɗe masa shafi a dandalin da kamfanoni ke neman ma'aikata, da hotonsa da ayyukan da ya yi.

Aikin kwana biyu ne, ya ja shi kwana biyar, ita ma ba ta yi ƙorafi ba. Kafin wata ya ƙare yana kiranta Sakatariyata, tana ce masa Maiwuta.

Da maganar aure ta taso, babanta ne ya ƙi. Tsohon ma'aikacin sito ne, shekara talatin a kujera ɗaya, bai yarda da mutumin da bai san inda zai yi aiki wata mai zuwa ba. Ya ce sai ya ga takardar aiki ta shekara guda. Ga kuma ɗan abokinsa, injiniya mai digiri, da ya tsiri yawan zuwa gaisuwa.

Mako shida shafin shiru. Ta lura masu ɗaukar ma'aikata kalmar "injiniya" suke bugawa in suna bincike. Ba ta shawarci Maiwuta ba, ta shiga, ta goge "mai wayarin" ta sa "injiniyan lantarki". Cikin mako guda kamfanoni uku suka rubuto.

Ɗan abokin nan ne ya kai wa Baba shafin a waya. Aka kira Maiwuta falo, a gaban mai ƙarar. Baba ya tambaye shi jami'ar da ya yi. Ya ce ko ɗaya, a hannun ubangidansa ya koya. Aka miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo, don ya san mutum biyu kaɗai ke iya shiga shafin.

"Shafina ne, Baba. Laifina ne."

Baba ya ce kada ya sake taka masa ƙofar gida.

Da yamma saƙon Maiwuta ya shigo mata: "Na gyara shafin, na rubuta wa kamfanonin gaskiya. Biyu sun janye. Ba wannan ne ya dame ni ba, Sakatariyata. Ashe ke ma kina jin kunyar sana'ata?"

Ta rubuta tana kuka: "Ba kunya ba ce, tsoro ne. Na ga za a raba ni da kai. Ka yafe min, Maiwutana."

Kwana tara bai amsa ba. Ita kuwa ta rufe shago, ta bi gine-ginen da ya yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, tana roƙon masu su su rubuta shaida a shafinsa. Wasu suka ce ba su iya ba, ta zauna ta nuna musu. Mutum goma sha ɗaya suka rubuta. Sannan ta durƙusa gaban babanta ta faɗi abin da ta yi.

Tsohon ya ce, "Lokacin da yake zaune a gabana, ya san ke ce?"

"Ya sani, Baba."

"Kira min shi."

Kamfani na uku ya karanta shaidun ya ɗauke shi, amma wata shida kawai. Baba ya juya takardar gaba da baya, ya ce wanda ya rufa wa 'yarsa asiri a gaban baƙo ba zai tozarta ta a gida ba. Aka ɗaura aure, ya sa musu albarka. Allah ya ba su zaman lafiya.

To, wa ya ci, wa ya faɗi? Injiniya ya faɗi gaskiya, ya rasa mata. Baba ya sauko daga shekara zuwa wata shida, har gobe abin na hana shi sukuni. Maiwuta ya yi asarar manyan ayyuka biyu da ba za su dawo ba. Ita ce ta yi laifin, ita ce kuma ta fi kowa cin riba.