Kunnen Mardiya Ba Na Haya Ba Ne

"Kai ka kawo shi gidan nan, kai za ka fitar da shi."

"Mma, hedifon ne fa, ba gunki ba."

Mma Zenabu ta harari ɗanta Rafiq, sai ga dutse na uku, wanda ba a ga mai jifansa ba, ya sauka a kan kwanon rufi. Magariba ta rufa a unguwar Maamobi, ko kaza ba ta motsi.

Rafiq mai gyaran waya ne. Shi ya kawo wa ƙanwarsa Mardiya hedifon ɗin, irin wanda sai waya ta ɗauki hoton kunnenka, ta auna lungunansa, sannan sauti ya riƙa zagaye ka, gaba da baya, kamar kana tsakiyar makaɗa. Kuskuren ɗaya ne: Mardiya ta yi awon a bakin ƙofa, da almuru, inda tsofaffi suka hana tsayuwa. Hoton ya fito da kunne biyu a gefe guda, ɗaya dogo mai gashi.

Tun ranar ta daina jin muryar mutane daga inda take fitowa. Uwarta za ta kira ta a gabanta, ita kuwa sai ta waiga baya tana amsa wa bango.

Malam Kadiri ya zo daga unguwar Alajo. Ya tura hayaƙi, ya daɗe yana karatu, har Mardiya ta miƙe wuya ta yi magana da muryar tsoho mai mura. Aljanin da ke jikinta ya ce tun kafin a haƙa babban kwalbatin unguwar Nima yake zaune a nan, ƙahon motocin haya na trotro da lasifikan biki sun gama da kansa, ba wanda ya taɓa auna masa komai sai wannan yarinya. Gidan ba ya so, abinci ba ya so. Kunnuwanta kawai za a bar masa.

Malam ya soma lallashi. Mma Zenabu ta ɗaure zaninta, ta matso har numfashinta na taɓa fuskar 'yar.

"Kunnen nan ni na huda shi ranar suna, da allurata. Ni na ja shi shekara ashirin har ya koyi jin magana. Ba na haya ba ne. Kana da naka, munafuki, mun gani a hoto."

Can aljanin ya tambaya, a hankali, ko za a auna nasa shi kaɗai.

Rafiq ya ɗaga waya, ya ɗauki hoton iska a bakin ƙofa. Wayar ta karɓa. Aka ajiye hedifon a dokin ƙofa, Malam ya sa aljanin rantsuwa, Mardiya ta yi atishawa uku ta faɗi. Da aka duba, babu hedifon.

Mma ta raɗa sunanta. Yarinyar ta juyo daidai wajenta, ta ce na'am.

Mma ta leƙa lungu ta ce wa aljanin kada ya kuskura ya sake tako mata gida. Daga bayan ƙeyar kowa muryar ta amsa:

"Sai dai in caji ya ƙare."